Yadda ake kaiwa ga digirin digirgir na ƙwarewa a ilimin halayyar ɗan'adam na fannin lafiya

Likita ya yi nasa. Ya auna sukarin mutumin, ya ga ya hau, ya rubuta masa magani, ya zauna ya yi masa bayanin lokutan sha. Bayan wata uku mutumin ya dawo, sukari yana nan inda yake, kwalin magani kuwa ko rabi bai yi ba. Ba taurin kai ba ne, ba kuma rashin fahimta ba. Ya sha na mako biyu, ya ji jikinsa garau, sai zuciyarsa ta raya masa ciwo ya tafi. Irinsa suna da yawa. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2003, ta ce a ƙasashe masu arziki kusan rabin masu fama da doguwar cuta ne kawai suke shan magani yadda aka tsara musu.

Tsakanin takardar likita da abin da mutum yake yi idan ya koma gida akwai rata mai faɗi, kuma a cikin wannan ratar masanin halayyar ɗan'adam na fannin lafiya yake aiki: shan magani, barin taba, motsa jiki, zuwa gwaji da wuri, zama da ciwon da ba ya tafiya, har da yadda ma'aikatan asibiti suke magana da marasa lafiya. Fannin bai tsufa ba. A 1977 George Engel ya rubuta a mujallar Science cewa ba za a gane cuta ta hanyar duba jiki kaɗai ba, sai an haɗa da tunanin mutum da zamantakewarsa. A 1978 ƙungiyar masana halayyar ɗan'adam ta Amurka, APA, ta buɗe wa fannin sashe na 38, Joseph Matarazzo ya zama shugabansa na farko. Takwararta ta Birtaniya, BPS, ta ba shi cikakken sashe a 1997.

Wannan jagora zai fi tsayawa kan tsarin Birtaniya, domin can ne aka ware wa fannin hanyar horaswa tasa ta kansa har zuwa matakin digirgir. Abin da nake so ka riƙe tun daga nan shi ne, wannan digiri ba a ɗakin karatu ake samunsa ba, a wurin aiki ake samunsa. Wanda ya shirya takardu bai shirya wurin aiki ba, shi ne zai sha wuya.

Da farko, tantance abin da kake nema

Abubuwa uku ne ake yawan cakuɗawa. Akwai digirgir na bincike zalla, wato PhD, wanda zai ba ka laƙabin dakta ya buɗe maka ƙofar koyarwa a jami'a, amma shi kaɗai ba ya ba ka izinin kiran kanka ƙwararre a wannan aiki. Akwai digirgir na masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, na shekara uku, wanda NHS, hukumar lafiya ta gwamnatin Birtaniya, take ɗaukar nauyinsa har ta biya ɗalibi albashi. Wannan wata hanya ce daban. Sai na uku, wanda muke magana a kai, horon ƙwarewa a fannin lafiya, wanda ƙarshensa shi ne shiga rajistar HCPC, hukumar da ke sa ido kan masu sana'o'in lafiya a Birtaniya. Tun ranar 1 ga Yulin 2009 doka ta kare laƙabin wannan sana'a a Birtaniya, duk wanda ya yi amfani da shi ba ya cikin rajista ya karya doka.

Idan Amurka ce a ranka, lissafin ya sha bamban. A can akan shiga shirin digirgir na masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ne wanda APA ta amince da shi, PhD ko PsyD (digirgir da ya fi karkata ga aiki), sannan a karkata zuwa fannin lafiya a ciki. Yana cin shekara 5 zuwa 7, har da shekara guda ta sanin makamar aiki da ake rabawa ta APPIC, ƙungiyar da ke haɗa ɗalibai da wuraren horo. Daga nan sai EPPP, jarrabawar neman izinin aiki, sai lasisi daga jihar da za ka yi aiki, kowace jiha da nata sharuɗɗa. Takardar wata ƙasa ba ta zama lasisi a wata kai tsaye, don haka ka yanke shawarar inda za ka zauna ka yi aiki kafin ka zaɓi inda za ka yi karatu.

Digirin farko

A Birtaniya horon zango biyu ne, kuma ƙofar shiga ita ce matsayin da BPS take kira GBC, wato amincewarta cewa karatunka ya isa ka fara horon ƙwarewa. Ana samunsa da digirin farko a ilimin halayyar ɗan'adam wanda ƙungiyar ta amince da shi, da sakamakon da bai gaza 2:2 ba, ko da yake shirye-shirye da dama sun fi son 2:1. Wanda ya karanci wani fanni, jinya ko ilimin zamantakewa misali, zai yi kwas ɗin sauya layi, galibi na shekara guda. Wanda ya yi digirinsa a wata ƙasa zai aika wa BPS takardunsa da jerin darussan da ya ɗauka ta auna su. Ka yi wannan da wuri, domin komai yana jiransa.

Zango na Ɗaya: digiri na biyu

Shekara guda ce ga mai karatu cikakken lokaci, biyu ga mai haɗawa da aiki, kuma dole shi ma ya zama wanda BPS ta amince da shi a wannan fanni takamaimai. Ka duba sunan kwas ɗin a jerin ƙungiyar da idonka. Kamannin suna ba amincewa ba ne.

A nan ake zuba maka harsashi. Za ka haɗu da bayanin Howard Leventhal cewa kowane marar lafiya yana da nasa labarin ciwon a kansa: mene ne shi, me ya jawo shi, zai daɗe ko zai wuce, wace illa zai yi, ana iya shawo kansa ko a'a. Mutumin da muka fara da shi a tambaya ta uku ya ɓace hanya, ya ɗauki ciwon zama a matsayin baƙo. Za ka karanta binciken Janice Kiecolt-Glaser na 1995, inda aka yi wa mata ɗan ƙaramin rauni a hannu, sai na masu jinyar 'yan'uwansu da ke fama da cutar mantuwa ya ɗauki ƙarin kwana tara ko kusa da haka kafin ya warke. Za ka kuma yi lissafin ƙididdiga da dabarun bincike, waɗanda ɗalibai da yawa suke wa kallon ƙarfen ƙafa. Kada ka bi sahunsu. Bayan shekara biyu, ranar da ka zauna da bayanan mutum ɗari biyu a gabanka ba mai taya ka, za ka gode wa malamin ƙididdiga.

Shawarata a wannan shekara: ka zaɓi batun kundinka a inda kake son ka yi aiki gobe. Idan masu ciwon zuciya ne suka dame ka, yi bincikenka a kansu, ka san ma'aikatan sashen, su san fuskarka.

Wurin aiki, kafin komai na Zango na Biyu

Zango na Biyu aƙalla shekara biyu ne na aiki cikakken lokaci ƙarƙashin kulawar ƙwararre, ko daidai da haka ga mai yin rabin lokaci. A yawancin shirye-shirye jami'a ba ta nemo maka wurin, kai ne za ka zo da shi, aikin albashi ne ko na sa kai. Ana kuma so a cikin wannan aiki ka nuna ƙwarewa a abubuwa biyar: ɗa'ar sana'a, taimaka wa mutane su canza ɗabi'a, bincike, ba da shawarar ƙwararru ga wata hukuma, da koyarwa.

Samun wurin da zai ba ka duka biyar ɗin shi ne ainihin jarrabawar. Mai aiki a sashen taimaka wa masu barin taba yana ganin mutane kullum, amma wa zai bar shi ya yi bincike? Mataimakin mai bincike a jami'a yana da bayanai jibge, amma yana iya shekara bai zauna da marar lafiya ko ɗaya ba. Wuraren da aka fi dacewa su ne sashen kiwon lafiyar al'umma na ƙananan hukumomi, asibitocin masu fama da raɗaɗin ciwo mai daɗewa, shirye-shiryen rage ƙiba, sashen farfaɗo da masu ciwon zuciya, da ƙungiyoyin agaji masu kula da wata cuta.

Ga abin da za ka yi. Ɗauki takarda ka ja layi biyar. A gaban kowane ka rubuta wane aiki takamaimai zai cika shi, da wa, a wane wata. Inda ka ga layi ya zauna fayau, to can ne matsalarka, kuma gara ka gan ta yau da ka gan ta bayan ka biya kuɗin shekara. Sannan ka kai wa shugabanka na wurin aiki takardar, ka ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da horon nan yake buƙata, wanne za a iya ba ni dama a kai?" Abin da ya amince da shi a rubuta, a sa hannu. Shugabanni suna canjawa, alkawarin baki kuwa yana tafiya da mai shi.

A Sikotland hukumar horar da ma'aikatan NHS tana ɗaukar wasu ɗalibai kaɗan aikin shekara biyu da albashi don wannan zango. Guraben ba su da yawa, masu nema kuwa ba a magana, amma ka sa ido a kan tallarsu. Mafi yawan sauran ɗalibai su suke biyan kuɗin karatunsu, ko wurin aikinsu ya taimaka. Wanda zai shigo daga waje ya binciki sharuɗɗan bizarsa tun da wuri, domin bizar ɗalibi tana iyakance aikin albashi zuwa awa 20 a mako lokacin karatu. Ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'ar ne zai faɗa maka yadda ake lissafa aikin horo a ciki.

Hanya da mai duba aiki

Hanya biyu ce. Ta jami'a, inda ake samun digirgir na ƙwarewa. Jami'o'i irin su Staffordshire, Stirling, Liverpool John Moores da UWE ta Bristol sun yi suna a kai. A nan akwai ranakun bita, akwai abokan karatu, akwai ɗakin karatu, a ƙarshe kuma laƙabin dakta. Sai hanyar BPS ta mai cin gashin kansa, wadda nauyinta na matakin digirgir ne, tana kai mutum rajista, amma ba ta ba da laƙabin dakta. Shi ya sa wasu suke haɗa ta da PhD. Ko wacce ka zaɓa, ka tabbatar sunanta yana cikin jerin shirye-shiryen da HCPC ta amince da su, ka kuma karanta littafin ƙa'idoji na shekarar da za ka shiga, ba wanda wani ya tura maka na da ba.

Ni dai ina karkata ga hanyar jami'a ga duk wanda bai daɗe a aikin lafiya ba. Kaɗaici yana kashe gwiwa fiye da yawan aiki.

Mai duba aikinka dole ya zama ƙwararre mai rajista a wannan fanni. Kada girman suna ya ruɗe ka. Tambayi ɗalibansa na baya abu biyu: idan an tura masa rubutu kwana nawa yake yi kafin ya dawo da shi, kuma idan aiki bai yi kyau ba yana faɗa ko yana kara? Mai kara ba gata yake yi maka ba, masu jarrabawa ba za su yi karar ba.

A ganawar ɗaukar ɗalibai, abin da suke son ji shi ne wannan takarda mai layi biyar, da shaidar cewa kana iya duban kuskurenka ka faɗi abin da ka koya. Za a kuma bincika ko kana da tarihin aikata laifi, a Ingila ta hukumar DBS, kafin a bar ka da marasa lafiya.

Cikin aikin

Ɗa'ar sana'a ita ce take tafiya daga ranar farko zuwa ta ƙarshe: riƙe sirri, neman yardar mutum kafin a yi komai, sanin iyakar iyawarka da lokacin da za ka miƙa mutum ga wani. Shaidarta ita ce littafin ayyuka. Ka rubuta shi a ranar, ba ƙarshen wata ba. Layi huɗu sun isa: abin da na yi, abin da ya faru, abin da ya tsaya mini a rai, abin da zan canza. Misali: "Na gana da wata mata mai hawan jini karo na uku. Na cika ta da bayani, ta yi shiru, na ɗauka ta gamsu. Da za ta fita ta ce ita tsoron maganin take, ya taɓa ƙodar yayarta. Mako mai zuwa zan fara da tambaya." Ba a sa suna ko wani abin da zai nuna ko wace ce. Wanda ya bari ya tara, zai zauna a shekara ta biyu yana ƙoƙarin tuna abin da ya ji a watan Maris na bara, masu dubawa kuwa suna gane rubutun da aka yi daga baya.

Taimaka wa mutane su canza ɗabi'a shi ne zuciyar sana'ar. Akan nemi ka nuna aiki da mutum guda ido da ido, da kuma wani salo daban, rukuni ko ta intanet. Jerin ba ya canjawa: ka auna, ka fitar da bayanin abin da yake riƙe ɗabi'ar, ka tsara, ka aiwatar, ka duba ko ya yi amfani. Kayan aikin da ya fi yaɗuwa a Birtaniya shi ne tsarin COM-B na Susan Michie da abokan aikinta na 2011, wanda ya ce ɗabi'a tana buƙatar iyawa, da dama, da ƙwarin gwiwa. A 2013 suka fitar da jerin dabarun canza ɗabi'a guda 93, domin kowa ya faɗi ainihin abin da ya yi maimakon ya ce "na ba shi shawara". Za ka kuma koyi salon hirar da William Miller ya fara bayyanawa a 1983, suka bunƙasa shi da Stephen Rollnick, inda kake barin mutum ya furta dalilan canjinsa da bakinsa. Yana da sauƙin karantawa, yana da wuyar yi, domin harshe yana ƙaiƙayin ba da nasiha. Da izinin mutum, ka naɗi muryar zaman ka saurara tare da mai duba aikinka, ka ƙirga sau nawa ka katse shi.

Ba da shawarar ƙwararru shi ne inda ɗalibai suka fi tuntuɓe, domin ba kai kake ƙirƙiro aikin ba, wani ne zai nema, kuma ya zama ba cikin aikinka na kullum ba. A ce shugabar ma'aikatan jinya ta wani sashe ta kira ka ta ce mutanenta ba sa tsaftace hannu yadda ya kamata, ka zo ka yi musu lacca. Idan ka ruga ka haɗa lacca, ka yi aikin ɗan aike. Ƙwararre zai nemi ya tsaya a sashen kwana biyu yana kallo. Sai ya tarar kowa ya san ƙa'ida sarai, amma robar man tsaftace hannu tana bakin ƙofa, gadaje suna can ciki, kuma kafin azahar ta ƙare ba mai cikawa. Matsalar dama ce, ba ta sani ba. Yanzu sai ka koma ka faɗa wa wadda ta kira ka cewa abin da ta nema ba shi take buƙata ba, ba tare da ka zubar mata da girma ba. Wannan tattaunawar, da yarjejeniyar da kuka rubuta mai faɗin aikin da lokacinsa da wanda ya mallaki rahoton, su ake aunawa. Ka fara neman wannan dama tun watannin farko.

Bincike kashi biyu ne: bitar duk binciken da aka yi kan tambaya guda bisa tsari, wadda ake rubutawa da PRISMA, ƙa'idojin rubuta rahoton irin wannan bita, da kuma sabon bincike naka. Abin da yake cinye lokaci shi ne izinin kwamitin ɗa'ar bincike, musamman idan marasa lafiyar NHS za ka taɓa. Yana iya ɗaukar watanni. Ka tura takardar neman izini, ka yi bitar yayin jira. Ka kuma ƙuntata tambayarka har ka ji kamar ta yi ƙanƙanta.

Koyarwa ita ce mafi sauƙin samu. Ka tantance buƙatar masu sauraro, ka tsara jerin darussa, ka gabatar, ka karɓi ra'ayinsu a rubuce, ka nuna abin da ka gyara. Ka ajiye komai, har takardar sunayen mahalarta.

Wata dabara da take rage wahala: aiki guda yana iya haifar da wani. Bitar da ka yi kan barin taba za ta ba ka kayan darasin da za ka koyar, ta kuma haska maka tsarin da za ka bi da rukuninka. Sai dai ka tambayi mai duba aikinka iyakar haɗawar, domin ba a gabatar da rubutu guda a matsayin shaidar abu biyu.

Miƙa kundi da karewa

A ƙarshe za ka haɗa rahotanni da shaidu cikin kundi guda, ka kare shi da baki a gaban masu jarrabawa. Tambayarsu ba ta wuce "me ya sa": me ya sa wannan tsari ba wancan ba, me za ka yi da mutumin ya ce maka yana tunanin cutar da kansa, ina shaidar cewa canjin da ka gani daga aikinka ya fito. Aikin da bai yi nasara ba ba ya kayar da ɗalibi idan ya san dalili. Ɓoye shi ne yake kayarwa. Kafin ranar, ka sa wani ya yi maka gwajin tambayoyi na awa guda ba sassauci. Gyare-gyare bayan karewa abu ne da aka saba, a ba ka wa'adi ka cika.

Da sakamako ya fito sai ka nemi shiga rajistar HCPC, kuma kada ka fara amfani da laƙabin sai sunanka ya bayyana a ciki. Kana iya neman cikakken matsayin ƙwararre a BPS ma, amma wannan na ƙungiya ne, rajistar ce ta doka. Ana sabunta ta duk shekara biyu, kuma a kowane zagaye hukumar tana zaɓo kashi 2.5 cikin ɗari na masu rajista ta ce su kawo shaidar ilimin da suka ƙaro a tsakani. Saboda haka littafin nan na layi huɗu ba a rufe shi ranar karewa; washegari ka buɗe sabon shafi ka sa kwanan wata.